Fayil ɗin Cindo

Sau bakwai ke nan Yaya tana zuwa ofishin da ake ajiye takardun binciken mutanen da suka ɓace, har ta san wane benci ne ke da ƙusar da ke cin zane, da wace fanka ce ke juyawa don dai a ce tana aiki. Abin da take nema bai wuce a ɗauka da hannu ɗaya ba: fayil ɗin ƙanenta Cindo, wanda ya fita aikin gyaran wutar lantarki wata safiyar Talata, shekara shida da suka wuce, bai sake dawowa ba. A rediyo ta ji sanarwa cewa yanzu dangi na da ikon ganin abin da aka rubuta a kan nasu. Wanda ya karanta sanarwar dai bai taɓa zama kan bencin nan ba, da bai yi ta da murya mai daɗi haka ba.

Kuma ba a ce Yaya baƙuwar takarda ce ba. Shago gare ta a bakin titi, na kwafi da buga takardu, shekara goma sha biyu tana cusa wa inji takardun jama'a, na haihuwa, na makaranta, na fili, na rabuwar aure. Ta san takarda ba ta da ƙafa, inda aka ajiye ta nan take kwana. Shi ya sa duk lokacin da akawun da ke bayan kanta ya ce mata ba a ga fayil ɗin ba, sai ta ji kamar ta tsallake kantar ta nuna masa yadda ake duba abu.

Masu zaman benci sun raɗa wa akawun nan suna Dawo-gobe, kuma sunan ya zauna masa ɗas. Mutum ne mai tsabta, biro uku a aljihun gaba, ba ya faɗa, ba ya zagi. Da ma mai faɗa ne, da an samu abin kamawa.

"Lamba," ya ce, bai ɗago kai ba.

"Malam, ranar Litinin ka tambaye ni lamba, makon jiya ma haka. Na ce maka mahaifinmu ne ya kawo rahoto, shi aka ba 'yar takardar mai lamba, kuma ya ce ta ɓata."

"To ai kin ji. Mutum ya ɓace, lamba ta ɓace. Ni ba boka ba ne, baiwar Allah."

"Ba boka nake nema ba, akawu nake nema. Sunansa na nan, ranar da ya fita na nan, unguwarmu na nan."

"Na buɗe kabad ɗin shekarar a gabanki, ko ban buɗe ba? Ɗaya bayan ɗaya muka bi. Kin gan shi?"

Ba ta gan shi ba. Wannan ne abin da ya fi ci mata rai, gaskiya ya faɗa. Ta tsaya tana huci, hannunta dafe da kantar, har na bayanta ya yi gyaran murya. Dawo-gobe ya zaro biro ɗaya ya duba bakinsa ya mayar.

"Shugaba ya tafi taro. In ya dawo sai ki rubuto takardar neman a faɗaɗa bincike, kwafi uku."

"Na rubuto. Kwafi uku. Kai ka karɓa."

"To ana kan dubawa ke nan."

Ta koma benci ta zauna, ba don tana jiran wani abu ba, sai don ƙafafunta sun ƙi kama hanyar gida. A gida Mama na kwance tun da hawan jini ya shanye mata ɓarin jiki, idonta ma ya fara ja da baya, amma kunnenta ras. Da ta ji takun Yaya a tsakar gida za ta ce, "Me suka ce?" Ba ta ƙara komai a kai. Sau ɗaya ta taɓa yin doguwar magana, ranar da aka yi sanarwar rediyon. Ta ce, "Ni ban ce a dawo mini da shi ba. In yana raye a ce yana raye, in ya mutu a ce ya mutu, in san irin addu'ar da zan yi masa. Shekara shida ina addu'a biyu-biyu, na gaji." Yaya ta yi mata alkawari a ranar, kuma ga alama lokacin cika alkawarin ba mai yawa ba ne ya rage.

Baba kuwa tun farko bai so wannan zirga-zirga ba. Tsohon direban babbar mota ne, wanda ya san kowace tasha da kowane bakanike a kan hanya, kuma da Cindo ya ɓace shekara biyu ya yi yana bin tashoshi da hoto a aljihu, har gwiwoyinsa suka ce sun isa. Da Yaya ta tambaye shi 'yar takardar mai lamba, sai ya ce, "Ta ɓata. Ki rabu da ofishin nan, wahala kawai za ki sha." Ta ɗauka gajiya ce irin ta tsufa. Ta ma ji haushinsa, a ranta ta ce shi ya huta, ita ba ta huta ba.

Tana nan zaune sai wani tsoho ya fito daga wata ƙofa a ƙarshen baranda, da damin mukullai a ƙugu da ƙura a gira. Shi ne mai kula da sito, ta sha ganinsa yana wucewa da fayil-fayil a kafaɗa. Ya wuce ta, sai kuma ya dawo da baya.

"'Yata, ke kullum nan? Ko ɗaukar ki aiki aka yi ban sani ba?"

"Kawu, da aiki ne da na ajiye."

Ya yi dariya ba sauti, ya tambaye ta abin da take nema. Ta faɗa masa a taƙaice, don ta gaji da faɗa. Ya saurara yana wasa da mukullansa.

"A kabad kuka duba?"

"Sau uku."

"Na kabad masu jar igiya ne, waɗanda ake kan nema. In an rufe magana, sai a canza igiya a ɗaura baƙa, a kawo mini. Kun duba wajena?"

"Me zai kai shi wajenka, Kawu? Ba a gan shi ba. Ko takalminsa ba a gani ba."

"Ni dai tambaya na yi."

Ta waiwayi kantar, inda Dawo-gobe ke gaya wa wata tsohuwa cewa shugaba ya tafi taro. Zuwa bakwai, kuma bai taɓa buɗe baki ya ce akwai wani ɗaki ba. Ta haɗiye abin da ya taso mata, ta bi tsohon.

Sito ɗaki ne mai tsawo, taga ɗaya, warin takarda da na ɓera. Fayil-fayil jibge a kan katako har rufi, kowanne ɗaure da baƙar igiya. Tsohon bai nemi lamba ba. Ya tambaye ta shekara da wata, ya jawo wani ƙaton littafin rajista, ya lashi yatsa ya yi ta buɗawa. Bai kai minti biyar ba yatsansa ya tsaya. Ga sunan Cindo na yanka, ga na Baba a matsayin mai kawo rahoto, ga lambar da ta yi wata biyu tana nema. An ja layi da jan biro daga farkon sahu har ƙarshe.

"Wannan layin na mene ne?"

"An rufe," ya ce.

"Wa ya rufe?"

"Fayil zai faɗa miki. Amma ki ji doka: a nan za ki karanta, ba a fita da shi, ba a kwafi."

Mai shagon kwafi guda, ga takardar da ta fi kowace takarda a duniya muhimmanci a wurinta, an ce ba a kwafi. Ta dai ce to. Ya hau wani ɗan tsani ya sauko da fayil ɗin, ya kaɗe shi a cinyarsa, ya ajiye mata a kan tebur kusa da taga.

Shafin farko rahoton Baba ne. Dogo, siriri, shekara ashirin da shida, yatsu shida a hannun hagu, wanda saboda su ne ake ce masa Cindo tun yana jariri. Ya fita da shuɗin kayan aiki da jakar kayan gyara. Sai bayanin mai shayin bakin layi, wanda ya gan shi ya wuce. Sai na mai gidan da ya kira shi aiki, ya ce bai iso ba. Jami'in binciken ya yi aiki a makon farko, ba za a tauye masa haƙƙi ba, har asibitoci uku ya rubuta ya leƙa.

Daga nan sai shafuka goma sha ɗaya, duk a kan mutum ɗaya: mijinta.

Wannan ba ta manta da shi ba, turawa kawai ta yi ƙasan zuciya ta ɗora wasu abubuwa a kai. Mijinta mai gyaran firji ne, shagonsu ɗaya da Cindo a lokacin, kuma a safiyar nan sun yi cacar baki a kan tsani, kowa na cewa shi zai fita da shi. Maƙwabta sun ji. Su kuwa masu bincike hanyarsu ɗaya ce, wanda ya ga mutum a ƙarshe shi ya san inda yake, balle an ji su suna faɗa. Suka ɗauke shi. Kwana goma sha ɗaya yana tsare, kullum bayani ɗaya yake yi, kullum a sake rubutawa. Ita kuma ga ciki wata takwas, ƙafafu a kumbure, tana kai masa abinci ana dawo mata da kwano ba a bar ta ta gan shi ba. A rana ta goma aka ce za a kai shi kotu da tuhumar kisa. Ta tuna yadda ta je gida ta zube gaban Baba ta riƙe ƙafarsa. Ta tuna abin da ta ce, kalma-kalma: "Baba, ɗaya ya tafi, za ka zuba ido a cinye na biyun? Ka yi wani abu. Ko mene ne, ka yi." Washegari mijinta ya dawo gida da ƙafarsa. Ta yi murna, ba ta tambayi yadda aka yi ba. Wanda aka tsamo daga rijiya ba ya tambayar igiyar ta waye.

Ta juya shafi. Fom ne guda ɗaya, bugun inji, an cike gurabe da biro. Ni, mahaifin wanda aka ambata a sama, ina shaida cewa ɗana ya dawo gida lafiya, kuma ina neman a dakatar da bincike. A ƙasa ga sa hannun Baba, wanda ta sani kamar tafin hannunta, da ƙatuwar lanƙwasar nan da yake yi a ƙarshe. Kwanan watan shi ne ranar da aka saki mijinta.

Ta karanta sau uku. Ashe 'yar takardar mai lamba ba ɓata ta yi ba. Ashe wata biyu tana zagin akawu a ranta, mai amsar yana zaune a ƙofar gidansu yana jan carbi.

"Kawu, wannan ƙarya ce. Bai dawo ba."

"Na gane," tsohon ya ce. Ya matso, ya ga inda ta tsaya, ya ga kuma akwai sauran takardu biyu a bayan fom ɗin. Sai ta ga fuskarsa ta canza. Ya ja kujera ya zauna, abin da bai yi ba tun shigowarsu.

Takarda ta farko wasiƙa ce daga wani asibiti, an rubuto ta mako bakwai bayan rufe fayil. Suna sanar da ofishin cewa akwai wani mutum a wurinsu da ba a san ko waye ba. An tsince shi a gefen hanya da rauni a ka, an fara kai shi wani ƙaramin asibiti a bayan gari, daga baya aka dawo da shi wurinsu. Yana buɗe ido, yana cin abinci in an ba shi, amma ba ya magana. Dogo ne, siriri, da shuɗin kayan aiki. Yatsu shida a hannun hagu. Suna roƙon a duba ko akwai dangin da ke neman irinsa.

Takarda ta biyu daga asibitin ce dai, bayan wata biyar. Mutumin ya yi wata huɗu a hannunsu, ya rasu. Sun ajiye gawar kwana talatin, ba wanda ya zo, hukuma ta binne shi. Sun haɗo da hoto ko wata rana wani zai tambaya. Ƙusar da aka maƙala hoton da ita ta yi tsatsa ta ɓata kusurwa ɗaya. An aske masa kai, ya rame har ƙasusuwan fuska sun fito, amma Yaya ta goya wannan fuskar a bayanta tun ita kanta ba ta gama iya tafiya da kaya ba. Ba ta buƙaci ta duba sau biyu ba.

Ba ta yi kuka ba a lokacin. Sunan asibitin take kallo. Daga shagonta, in ta tsaya a ƙofa, tana hango tankin ruwansu. Ma'aikatansu ma wurinta suke kawo kwafi.

A gefen wasiƙar farko an yi rubutu da fensir, ƙanana: Ya yi kama da na wannan fayil, amma wannan ya dawo. A ajiye.

"Wane ne ya rubuta wannan?" Ta buga yatsa a kan rubutun. "Wane marar imani ne ya ga yatsu shida nan, ya ga yatsu shida can, ya ce a ajiye?"

"Rubutuna ne," tsohon ya ce.

Ta ɗago ta dube shi.

"In wasiƙa irin wannan ta zo, da masu jar igiya ake gwadawa. Aka gwada, ba a samu ba. Ni ne na tuna na ɗaura wa wani mai yatsu shida baƙar igiya ba da jimawa ba. Na ɗauko, na kai wa shugaban lokacin. Ya ce, uban da ya haife shi ya zo da ƙafarsa ya ce ɗansa na gida, kai ne za ka ƙaryata shi? Masu yatsu shida nawa ne a duniya? Ya ce in ajiye. Na ajiye."

"Da ka aiko gidanmu. Ga adireshi nan a shafin farko. Da ka tako ma da ƙafarka, ai ba nisa."

"Da na yi," ya ce. Bai kare kansa ba, bai ce doka ba ta yarda ba, kuma wannan ya ƙara mata takaici, don ta so ya yi gardama ta samu inda za ta sauke. Ya miƙe a hankali. "Zan je in sha ruwa. Minti goma nake yi in na je shan ruwa. Ban san me ake yi da waya a bayana ba."

Ta ɗauki hoton shafi huɗu: fom ɗin, wasiƙun biyu, da fuskar. Sai da ta sake na ƙarshen sau uku kafin ya fito. Da ta fito baranda, Dawo-gobe ya hango ta ya ɗaga biro.

"Baiwar Allah, shugaba ya dawo, in kina so ki sake rubuto—"

Ko kallonsa ba ta yi ba.

A hanya ta shirya maganganu. Ta jera su, ta wasa su, kowace da kaifinta. Shekara shida yana kallon Mama tana raba addu'a biyu. Shekara shida yana barin su suna zabura in an buga ƙofa. Wata biyu yana kallon ta tana rufe shago tana tafiya zaman benci, yana cewa takarda ta ɓata. Ta ƙudurta yau ba ruwanta da girma, sai ta faɗa masa duka. Can ƙasan maganganun kuwa akwai wata da ba ta so ta taɓa, duk sanda ta taso sai ta ƙara sauri.

La'asar ta yi sanyi lokacin da ta iso. Baba na zaune a ƙofar gida kan kujerarsa ta roba, sandarsa jingine da bango. Ya dube ta sau ɗaya, ya ajiye carbin a cinya.

"Kin gani ke nan," ya ce.

"Na gani."

Ta miƙa masa wayar da hoton fom ɗin. Bai karɓa ba.

"Na san abin da ke ciki. Ni na sa hannu."

"Ka ce ya dawo, Baba. Ka rubuta ya dawo lafiya."

"Jami'in ya ce mini hanya biyu ce. Ko ɗanka na gida, a saki surukinka yau, ko ɗanka ya ɓace, gobe surukinka ya tafi kotu, kuma irin wannan shari'a ba a san ranar ƙarewarta ba. Gaba kura, baya sayaki. Na ce a raina, me takarda ta taɓa nemowa? Mutum da ƙafa ake neman sa. Ba tashar da ba a san ni ba, ba direban da ba zai riƙe mini hoto ba. Na ce su rufe tasu, ni zan nemo ɗana da kaina kafin wata ya mutu." Ya dubi gwiwoyinsa. "Haka na ɗauka."

Ta jira ya ce ke kika roƙe ni. Ta ma shirya amsar da za ta ba shi. Bai ce ba. Shirun nan ya kwashe mata duk maganganun da ta wasa a hanya, ya bar ta da ɗayar da take gudu.

"Me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

"Kina da tsohon ciki. Daga baya kin haihu, kuna zaman lafiya da mijinki. In na faɗa miki, me zai ragu? Kayan dai mu biyu za mu riƙa ɗauka maimakon ni kaɗai."

Ta durƙusa a gabansa. Sai a lokacin ta gane bai san sauran ba. Shi a zatonsa fom ɗin ne ƙarshen fayil. Ta yi tunanin ta kashe wayar ta bar shi a haka. Amma ta yi wa Mama alkawari, kuma ba hanyar da za ta kai ga Mama ba ta bi ta kansa ba.

"Baba, akwai takardu a bayan naka."

Ta karanta masa wasiƙar farko, a hankali, kamar yadda take karanta wa tsofaffin da ke kawo mata takardun da ba sa iya karantawa. Da ta zo kan yatsu shida sai ya rufe ido. Ta karanta ta biyu. Ta karanta masa har rubutun fensir, don ba ta ga dalilin ɓoye wani abu kuma ba.

"Wane asibiti?"

Ta faɗa masa.

"Na je can," ya ce. "Kwana uku da ɓatansa na je, ɗaki-ɗaki na bi. Ba ya nan."

"Lokacin ba a kawo shi ba tukuna."

"Ban koma ba. Na ce na riga na duba kusa, sai na nufi nesa." Ya ɗago kai. "Wata nawa kika ce?"

"Huɗu."

"Yana raye."

"Yana raye, Baba."

Ya miƙo hannu ta ba shi wayar. Ya kai ta kusa da ido, ya nisanta, ya sake kusantowa. Ya daɗe yana kallon fuskar. Da babban yatsansa ya shafi gilashin, hoton ya goce, ya dube ta a ruɗe, ta dawo masa da shi.

Daga cikin gida muryar Mama ta taso, siririya amma a sarari.

"Yaya ce? Na ji kamar muryarta. Me suka ce?"

Yaya ta yunƙura za ta tashi. Baba ya dafa kafaɗarta.

"Zauna. Ba ke za ki faɗa ba."

Ya lalubi sandarsa, ya miƙe a karo na biyu da ya gwada, ya shiga ciki yana jan ƙafa. Yaya ta bi shi har bakin ɗakin, ta tsaya a bayan labule. Ta ji gadon ya yi ƙara da ya zauna. Ta ji ya fara, da murya ƙasa-ƙasa, tun daga ranar fom ɗin. Ya faɗi na jami'in, ya faɗi nasa, ya tsallake nata. Ya faɗi asibitin, ya faɗi wata huɗun, ya faɗi binnewar. Bai nemi a yafe masa ba, labari kawai ya ba da har ya kai ƙarshe.

Yaya ta jira kuka, ko zagi, ko salati. Can Mama ta yi magana, a natse, irin muryar da take tambayar ko an rufe ƙofa.

"To. Yanzu na san wadda zan yi masa." Ta ja numfashi. "Amma wata huɗun nan da ba ya magana, in ƙishirwa ta kama shi, wa yake ba shi ruwa?"

Wannan kam, fayil ɗin da Yaya ta karanta daga bango har bango bai faɗa ba.